Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Makarantun Al'ummarmu a Legas Kan Darasin Tarihin Mutanen Farko

Zuwa ga iyayenmu masu makarantu, da shugabannin makarantu, da kwamitocin iyaye da malamai na makarantun al'ummarmu da ke Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago da sauran unguwannin Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Alhazai da Hajiyoyi, malamanmu da iyayenmu, muna gaishe ku da ɗawainiya. Kowa ya san riƙe makaranta a garin nan ba wasa ba ne: ga haya, ga albashi, ga man janareta, ga iyayen da kasuwa ta yi wa nauyi. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi.

Mu wasu malaman tarihi ne da ke koyarwa a ƙananan makarantun sakandare, cikinmu har da waɗanda suka karanta ilimin tonon kufai a jami'a. Da yawun 'yan aji ɗaya zuwa aji uku muke magana, don su ba a kiran su taron tsara jadawali, alhali duk abin da aka dama a can su ne masu sha.

Kun san tun zangon karatu na 2009/2010 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka tsoma ɗan abin da ya rage cikin darasin zamantakewa. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi a matsayin darasi mai zaman kansa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne irin tarbar da makarantunmu da dama suka yi masa: darasi ɗaya tak a mako, minti 35 ko 40, galibi ranar Juma'a dab da tashi, a hannun duk malamin da aka ga yana da sarari. Ga shi kuwa abin da ke farkon manhajar, wato zamanin da ba a fara rubutu ba da cibiyoyin wayewa irin su Nok da Ife da Igbo-Ukwu da Benin, shi ne sashen da ya fi kowanne buƙatar gwani.

Ƙorafinmu na farko, yaranmu ba su iya lissafin zamani ba, kuma ba laifinsu ba ne. Ku shiga kowane aji ɗaya ku rubuta a allo cewa an narka ƙarfe a Taruga, wani kufai na al'adar Nok, wajen shekara ta 500 kafin Miladiyya, an kuma sassaƙa kwalekwalen Dufuna wajen shekara ta 6000 kafin Miladiyya, sannan ku tambaya wanne ya riga. Hannaye da yawa za su tashi a kan Taruga. Yaro ya saba 1804 ta riga 1960, don haka a wurinsa ƙaramar lamba ita ce tsohuwa. Ba wanda ya tsaya ya nuna masa cewa kafin haihuwar Annabi Isa (AS) lissafin baya-baya yake tafiya. Ƙari a kan haka, ɗanmu da kalanda biyu yake rayuwa, ta boko da safe, ta Hijira da yamma a Islamiyya, sai kuma littafi ya zo masa da salo na uku, wato "shekaru kaza da suka wuce". Wanda aka bari cikin wannan ruɗani ba abin da ya rage masa sai hadda, kuma haddar da ba fahimta a ƙarƙashinta ba ta wuce makon jarrabawa.

Maganin bai fi igiya mai tsawon mita 15 ba. A sami wadda ba ta miƙewa, don ta roba tana ƙara tsawo idan aka ja, ma'auni ya lalace. A ɗauki santimita ɗaya a matsayin shekara goma, a ɗaure bakin igiyar a tagar aji a ce nan ne yau. Samun 'yancin kai na 1960 zai faɗo a santimita shida da rabi, jihadin Shehu na 1804 a santimita 22, Hijira a mita ɗaya da santimita 40, haihuwar Annabi Isa a mita biyu da 'yan kai. Farkon al'adar Nok, wajen 1500 kafin Miladiyya, yana mita uku da rabi. Babbar dalar Giza tana wajen mita huɗu da santimita 60, farkon rubutu a kudancin Iraƙi yana mita biyar da santimita 20, Dufuna yana mita takwas. Ƙasusuwan mutumin da aka tono a kogon Iwo Eleru kusa da Akure a 1965, masu shekaru wajen 13,000, sai an fita baranda kafin a kai gare su a mita 13. In kuwa ana son a kai ga kayan aikin dutse da aka samu a Gona ta ƙasar Habasha, masu shekaru miliyan biyu da dubu ɗari shida, igiyar sai ta yi kilomita biyu da mita 600, ta ɗan gaza rubu'in gadar Third Mainland. Inda ake kuskure shi ne malami ya zauna a gida ya yi alamomin da kansa ya kawo wa yara su kalla. A'a, a raba su uku-uku, kowane rukuni ya yi nasa lissafin, ya auna da tef, ya maƙala katinsa da maƙalin shanya. Waɗanda suka maƙala Nok a inda bai dace ba, 'yan'uwansu ne za su gyara musu. Ku kuma yi hattara da fastocin bango da ake sayarwa a kasuwa, masu ba shekara 100 da shekara 5,000 tazara iri ɗaya. Ɓarnarsu ta fi amfaninsu.

Na biyu, kuma shi ya fi damun mu: ana gaya wa yara abin da aka sani, ba a gaya musu yadda aka yi aka sani. A kowane aji akwai yaron da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, tunda ba su yi rubutu ba, wa ya faɗa?" Wannan ita ce tambayar da darasin gaba ɗaya ya tsayu a kanta, amma malamin da aka aro daga wani fanni sai ya ce haka yake a littafi, a ci gaba da kwafa. Daga ranar yaron ya ɗauka tarihin mutanen farko tatsuniya ce ta Turawa.

Amsar tana da sassa biyu, kuma dukansu ana iya nuna su a aji. Na ɗaya, ƙasa hawa-hawa take, na ƙasa ya riga na sama. A sami babbar robar ajiya mai haske wadda ake ganin cikinta ta gefe. A zuba jar ƙasa tsayin yatsa huɗu a gindi, a binne 'yan duwatsu masu kaifi da gawayi. A bi da yashi, a sa tsingaro da ƙashi. A bi da toka gauraye da baƙar ƙasa, a sa kashin maƙera ko tsohon ƙusa. A saman duka a sa murfin kwalbar lemo da tsohon kwabo. Kowane hawa a ɗan yayyafa masa ruwa a danne shi, in ba haka ba zai zube cikin na ƙasa. A ja zare a raba saman gida huɗu. Kayan tono cokali ne da burushin fenti da rariya, sai takarda da fensir. Abin da ke ɓata aikin kullum ɗaya ne: yara su ɗauka neman dukiya ake yi, kowa ya haƙa rami kai tsaye zuwa gindi, komai ya cakuɗe. Doka ita ce a kwashe hawa ɗaya gaba ɗaya kafin a taɓa na ƙasa, kuma ba a ɗaga abu sai an zana inda yake an rubuta zurfinsa. Gwanin malami zai yi wata dabara tun wajen haɗawa: ya haƙa ɗan rami daga sama har cikin jar ƙasa, ya jefa murfin lemo, ya cike. Idan yara suka tarar da murfin lemo kusa da kayan dutse, sai a bar su su yi gardama har su gano da kansu cewa rami ne aka haƙa daga baya. Masu tonon kufai da wannan matsalar suke fama a fili, ramin shara ko kabari ko gidan gara yana kai sabon abu cikin tsohon hawa.

Na biyun shi ne awon shekaru. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon 14. In ya mutu, sinadarin yana raguwa da rabi a duk shekara 5,730. A zuba ƙwayar wake 64 a faranti, a kwashe rabi a ce shekara 5,730 ta wuce, saura 32. A sake kwashewa, shekara 11,460, saura 16. Kafin a je ko'ina farantin ya kusa zama wayam, nan yaro zai fahimci dalilin da ya sa awon ba ya aiki bayan shekara wajen 50,000. A kuma jaddada masa cewa gawayi da ƙashi da itace da ƙwayar hatsi ake aunawa, ba dutse ko tagulla ba. Shi ya sa aka iya auna Dufuna kai tsaye, tunda itace ne. Wani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, aka fito da shi a 1994 daga zurfin wajen mita biyar, tsawonsa ya haura mita takwas, kuma babu jirgin ruwan da aka sani a Afirka da ya girme shi. Tambayi yara me kwalekwale yake yi a wurin da yau ake neman ruwa da rijiya, ka ga yadda za su kai kansu ga cewa tafkin Chadi ya taɓa ninka girmansa na yanzu nesa ba kusa ba, kuma Sahara ta taɓa zama kore.

Na uku, abin da ke cikin darasin an mayar da shi jerin sunaye. "Nok, jihar Kaduna, 1928, gasasshen yumɓu." Shi ke nan, a juya shafi. Ba a gaya wa yaro cewa masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da waɗannan siffofin yumɓu ba, ko cewa kan yumɓun da ya ja hankalin Bature masanin kufai Bernard Fagg a 1943 wani ma'aikaci ne ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye. Ba a gaya masa cewa binciken da masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara da takwarorinsu na Najeriya a 2005 ya nuna mutanen Nok gero da wake suke nomawa, har an gano alamar zuma a tukwanensu. Ɗan da ya karya da ƙosai da kunun gero da safe ya cancanci ya san wannan. Ba a kuma tambayarsa me ya sa kawunan Nok suke da huda a ƙwayar ido da hanci da baki, kuma cikinsu rami ne. Wannan ma gwaji ne mai sauƙi, kuma ba sai an ƙera siffar mutum ba, don mun san wasu iyaye ba za su so ba. A kwaɓa yumɓu kashi uku da dakakken tsingaro kashi ɗaya. A mulmula dunƙule biyu kamar girman lemun zaƙi, ɗaya cikakke, ɗaya mai rami a ciki, kaurin bangonsa kamar yatsa, da huda uku. A shanya a inuwa, ba a rana ba, mako ɗaya da rani, mako biyu da damina saboda laimar garin nan. Malami ya gasa su a kurfoti, ya kifa tsohon kwanon ƙarfe a kai, yara suna nesa. Galibi cikakken zai tsage ko ya fashe, don tururi bai sami mafita ba, mai hudar kuwa ya fito lafiya.

Haka Igbo-Ukwu, inda aka zuba tagulla ta hanyar kakin zuma tun ƙarni na 9: a ƙera abu da kaki, a lulluɓe da yumɓu a bar kafa, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, a fasa yumɓun. Kowane zubi guda ɗaya ne, ba a maimaita shi, saɓanin masu zubin tukwanen alminiyam na unguwanninmu da ke danna samfuri cikin yashi su fitar da ɗari iri ɗaya. Game da Ife kuwa, a gaya wa yara cewa Bajamushe Leo Frobenius da ya je can a 1910 ya ƙi yarda baƙar fata ne suka yi irin wannan aiki, ya danganta shi ga wata ɓatacciyar al'umma ta almarar Girkawa, kuma tono ne ya ƙaryata shi. In an taɓo Masar da Iraƙi, kar a manta da Kush ta Sudan, wadda dalolinta suka fi na Masar yawa, da Jenne-jeno ta Mali da aka fara zama cikinta wajen 250 kafin Miladiyya.

Namu na gida ma bai tsira ba. Ana fara tarihin ƙasar Hausa daga zuwan Bayajida Daura, kamar kafin nan ba kowa. Labarin Bayajida da rijiyar Kusugu gado ne na baka, a koyar da shi da mutuncinsa, amma a sanar da yaro matsayinsa. Kundin tarihin Kano ya fara jerin sarakuna da Bagauda a wajen 999, alhali an sami shaidar narkar da tama a Dutsen Dala tun ƙarni na 7. Ga zanen shanu a duwatsun Birnin Kudu, ga kaburburan Durɓi Takusheyi a Katsina. Ɗan da aka haifa a Agege, wanda bai san Arewa ba sai da hutun Sallah, ya kamata ya iya bambanta abin da kaka ta faɗa, da abin da aka rubuta, da abin da aka tono.

Akwai wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa, gara mu fito da ita fili. Wasu malamai suna tsallake babin mutanen farko ɗungurungum don gudun kada iyaye su ce ana ɓata aƙidar yara. Mu ma Musulmi ne, 'ya'yanmu suna waɗannan azuzuwa. Gatarin dutse da aka tono gatarin dutse ne, ba ya rushe imanin kowa, kuma Alƙur'ani ya umarce mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Inda bayanin masana kimiyya kan asalin ɗan Adam ya sha bamban da abin da yaro ya koya a Islamiyya, a faɗa masa ƙarara: wannan abin da aka tono ne, wannan fassarar masana ce, wannan kuma aƙidarmu ce. In an ɓoye masa, zai gamu da shi a waya da tsakar dare, ba malami a kusa.

Na huɗu gajere ne amma da ciwo. Gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan yana nan tun 1957, da kayan Nok da Ife da Benin a ciki, amma yaro sai ya gama aji uku bai taɓa taka ƙofarsa ba. Makarantun da suke zuwa kuma sukan kwashi ɗalibai ɗari da wani abu a rana ɗaya, su bar Agege bayan ƙarfe takwas, gosulo ya cinye safiyar, a isa a gajiye. Da an shiga yara su ruga wajen motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta a 1976, a yi hotuna, a leƙa sauran ɗakunan a gurguje, a koma. Motar tarihi ce, a bar ta zuwa ƙarshe. Malami ya riga zuwa shi kaɗai ya zaɓi abubuwa biyar ko shida, a rubuta wa gidan takarda tun da wuri, a tashi kafin bakwai, a raba yara goma sha biyu-sha biyu. Kowa ya zaɓi abu ɗaya ya zana shi da fensir, ya amsa tambaya uku: da me aka yi shi, yaya aka yi shi, ta yaya aka san shekarunsa. 'Yan aji uku kuwa a kai su Eredo ta wajen Epe da rani, da takalma rufaffu da ɗan jagora na garin, su ga ganuwa da ramin da suka kewaye ƙasar Ijebu tsawon kilomita wajen 160. Awon farko ya ba ta shekaru kusan 1,000, wani na baya ya kawo ta ƙarshen ƙarni na 14 ko farkon na 15. Wannan saɓanin kansa darasi ne, kar a ɓoye shi.

Sakacin nan yana da wata illa da ba a ganin ta daga Legas. An daɗe ana wawushe kufan Nok da na yankin Sakkwato da Katsina, ana sayar da kayan ga dillalai su fitar waje, duk da dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta haramta cinikinsu ba da izini ba. Yaron da ya taɓa tono a robar aji ya san kan yumɓun da aka fizge daga hawansa ya rabu da gawayin da za a auna shekarunsa da shi, kuma ba mai iya mayar da shi. Wanda bai sani ba, in ya je hutu ƙauye aka ce ga masu saye sun zo, shi zai riƙe musu fitila.

Don haka ga abin da muke roƙo, da ladabi.

A ba tarihi darasi biyu a jere, minti 70 zuwa 80, a ranar da ba Juma'a ba, don tono da awon igiya ba sa yiwuwa a minti 35. A damƙa shi ga wanda ya karanta tarihi ko ilimin kufai. Makarantar da ba za ta iya ɗaukar malami ita kaɗai ba, ta haɗa kai da biyu ko uku na unguwarsu su ɗauki ɗaya su raba albashi, kowace ta sami ranarta.

Kowace makaranta ta tanadi akwati ɗaya mai igiya, tef, roba, rariya, burushi, wake da yumɓu, da taswirar Najeriya da ta Afirka a bango. A sa kuɗin ziyarar Onikan cikin lissafin farkon shekara, kada ya zo wa iyaye bagatatan a tsakiyar zango. A sauya salon jarrabawar cikin gida, aƙalla kashi ɗaya cikin uku ya zama karanta shaida: a ba yaro zanen hawa-hawan ƙasa ko hoton wani abu da aka tono, a ce ya faɗi abin da za a iya sani da wanda ba za a iya sani ba. A bar malami ya yi bayani da Hausa inda Turanci ya tsaya wa yara a wuya, sannan a koma harshen jarrabawa. Kafin a fara babin mutanen farko, malamin tarihi da malamin tauhidi su zauna su duba shi tare, don kada yaro ya ji baki biyu.

Muna roƙon a sa wannan magana a ajandar taron iyaye da malamai na gaba, kafin a buga jadawalin zango mai zuwa. Duk makarantar da ke so, za mu zo ranar Asabar mu haɗa akwatin tare da malaminta, mu yi gwajin farko a gabansa, ba ko sisi.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wasu malaman tarihi na makarantun al'ummar Hausawa, Legas.